Taku Ukun da Kakana Ya Bar wa Ruwa

Ran Talatar da ta wuce ina cikin adaidaita sahu, mun maƙale a cunkoson shataletalen Bata a Kano, sai wani wari ya bugo ni. Samari ne guda uku a cikin kwata, baƙin ruwa har gwiwa, suna yasa da shebur suna jibge taɓon a bakin titi kafin damina ta sauka. Matar da ke kusa da ni ta ja mayafi ta toshe hanci tana tsaki. Ni kuwa, kada ka yi mini dariya, shaƙa na yi. Wannan warin na ruɓaɓɓen ganye da tsohon ruwa shi ne warin gidanmu a ƙarshen bazara, kuma shekaru ke nan ba na jin sa ba tare da gabana ya faɗi ba.

Gidan kakana yana ƙarshen Fagge ne, daidai inda unguwar ke fara cakuɗewa da Sabon Gari. Da asuba ka ji ladan, ran Lahadi da hantsi ka ji waƙar coci, babu wanda abin ya dama. Kakana tsohon malamin makaranta ne, dogo, mai ƙarancin magana, kuma Malam kowa ke ce masa har kakata. Gidan na ƙasa ne, da zaure biyu, da rijiya a tsakar gida, da darbejiya wadda 'ya'yanta ke manne wa mutum a tafin ƙafa.

Bayan katangarmu akwai wani ɗan ƙaramin gida na wani kafinta, Ibo ne Kirista, da matarsa tela. Mu yara Mama mai keke muke ce mata, saboda tun safe har la'asar ƙarar keken ɗinkinta ba ta yankewa. Ta zo Kano tana amarya, a nan ta haifi 'ya'yanta duka, kuma in ta zage da Hausa a kan mai kayan miya sai ka tausaya masa. Gidan nasu yana da matsala guda. Titin gabansu ya fi tsakar gidansu tudu, gidaje kuma sun matse su hagu da dama, saboda haka duk ruwan da ya sauka musu ba shi da mafita sai ta wajenmu.

To, a gindin katangar da ta raba mu aka huda rariya, 'yar kafa wadda kan yaro zai iya shiga amma kafaɗa ba za ta bi ba. Daga bakin rariyar nan kakana ya bar fili mai faɗin taku uku, ya bi gefen gidanmu ɗoɗar har ya fita lungu, daga lungu ya gangara kududdufin unguwa. Hanyar ruwa muke ce wa wurin. Da rani akan ɗaure awaki a can, kakata kuma ta dasa lalle a gefe, amma ko akurkin kaji ba a yarda a kafa a tsakiya ba.

Na tuna shekarar da ƙaramin baffana zai yi aure, gida ya cika, babu ɗakin da za a sa amarya. Ya zo ya tsuguna gaban kakana a zaure, ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya fito da abin da ke ransa.

"Malam, wancan filin na gefe zaman banza yake yi. Da an ba ni na ja ɗaki."

"Ba zaman banza yake ba," in ji kakana. "Jiran mai shi yake. Mai shi yana zuwa kowace shekara, kuma ba ya sallama."

Baffana ya tashi yana ƙunƙuni, ya je ya kama haya a wani lungu. Ya daɗe yana jin haushin abin, har yakan ce a gidanmu ruwan sama ya fi ɗan gida gata.

Akwai wata al'ada tsakanin gidajen nan biyu da ban taɓa ganin irinta a ko'ina ba. Fartanya guda ce ake yasar hanyar da ita, gajeriya, ƙotarta ta yi santsi don riƙo. Idan hadari ya fara haɗuwa a gabas, zafi ya kai inda mutum ba ya iya barcin rana, sai gidan da fartanyar take hannunsu su fara. Su kwashe ganye da tsumma da ƙasar da ta taru a nasu ɓangaren, sannan su turo fartanyar ta cikin rariya, a ce, "Ku ne da yasa." Mu kuma mu yashe namu ɓangaren har lungu, fartanyar ta kwana a gidanmu shekara guda. Baɗi mu ne za mu fara, mu tura musu. Ba a taɓa zagayawa ta ƙofa da ita ba, ko da yake zagayen bai fi tafiyar minti biyar ba. Kakana ya ce in fartanya ta wuce ta kafar, an tabbata ruwa ma zai wuce.

Ba fartanya kaɗai ke bin rariyar nan ba. 'Yar autar Mama sa'ata ce, kuma nan ne dandalinmu. Mu kwanta rub da ciki, ita ta can ni ta nan, ido na ganin ido, mu yi ta hira har a kira mu da tsawa. Ta turo mini ƙyallayen atamfa da mamarta ke samowa a Kantin Kwari, ni in tura mata ƙuli-ƙuli ko alewar madara. Da damina kuwa, in ruwa ya tsuge, sai ta sako takalminta na roba ta can, ni in tare shi ta nan ina ihu, ruwan ja yana gudu a kan ƙafafuna da sanyinsa. Abincin salla da na Kirsimeti ne kawai ke zagayawa ta ƙofa, a cikin kwano mai murfi, don kakata ta ce abinci ba ya bin hanyar ruwa.

A gindin keken Mama na koyi awo. Tana da tef rawaya da take ratayawa a wuya, in ta ga na ƙura masa ido sai ta ciro ta miƙo mini. Na auna turmi, na auna akuya, na auna kakata tana salla har na sha rankwashi. Hanyar ruwan ma na auna ta ya fi a ƙirga, ina jan tef ina sa alama da tsinke. Kakana yana kallona daga inuwar darbejiya, tun daga nan ya laƙaba mini mai awo.

Shekarar ƙarshe da ya ga yasa, ina babbar sakandare, shi kuma ƙafa ta ƙi. Aka kawo masa kujera 'yar tsuguno bakin hanyar, ni na riƙe fartanyar. Mu ne muka fara a shekarar. Da na gama na tura ta cikin rariya, na ji hannun Mama ya karɓa ta can, sai ya kira ni da hannu.

"Mai awo, zo nan. Wurin nan ba a rubuta shi a ko'ina ba. Ni da kafinta muka tsaya a nan muka yi magana, shi ke nan. Kafinta ya riga ni tafiya. In ni ma na tafi, ke ce takardar."

Na ce to, Malam. Da sauƙi na faɗe shi, hankalina yana kan in je in wanke hannu. Bai kai damina ta gaba ba.

Ka ga yadda Allah yake abinsa, awon nan shi ya zama sana'ata. Na karanta tsara birane, na kama aiki a ofishin da ake kawo zanen gini a duba kafin a ba da izini. A kan teburina na ga Fagge tana canjawa, fayil bayan fayil. Kasuwar Kwari ta cika ta tumbatsa, ta fara cin gidajen da ke kewaye da ita. Yau ka ji an sayar da gidan wane, gobe ka ga katafila, kafin wata shida filaza ta tashi hawa uku, ƙasa shaguna, sama sito na dilolin yadi. Kududdufinmu aka fara cika shi da shara, aka bi da ƙasa, aka dasa shaguna a kai. Aka ja babbar kwata a bakin titi a madadinsa, hanyar ruwanmu ta koma zubewa a can. Mu ma 'yan gidan muka watse ɗaya bayan ɗaya zuwa sababbin unguwanni na bayan gari, inda mota ke shiga har ƙofa. Gidan ya koma hannun 'yan haya. Ban taɓa tambayar wa ke yasa ba, ko sau ɗaya.

Bayan rasuwar mahaifina aka zauna rabon gado. Magada sun yi yawa, gida ɗaya ne, ba ya yankuwa. Sai wani Alhaji ɗan kasuwa ya kawo shawara: zai rushe ya gina filaza, ya riƙe sama, shagunan ƙasa kuma a raba mana, kowane ɗaki na iyali ya sami guda. Kowa ya yi murna. Da aka zo zane sai aka ga in an bar taku ukun nan, shago ɗaya zai ragu, kuma wadda za ta rasa ita ce gwaggona, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara. A falon yayana ake wannan zaman. Baffana, wanda aka hana ɗaki shekarun baya, yanzu da furfurarsa, ya juyo ya dube ni.

"Ke da kike ofishin, me takarda ta ce?"

Na ce, "Takarda ta ce filinmu ne har katanga."

Ban yi ƙarya ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Takardar mallaka haka ta ce, tsohuwar taswirar unguwa ma haka ta nuna, babu layi ko ɗigo da ke cewa ruwa yana bi ta nan. Amma ni na san akwai wata takardar, kuma tana zaune a falon da mayafinta da digirinta, ta ja bakinta ta yi gum. Na ce wa raina ai don gwaggo ne. Na ce wa raina zamani ya canja, yanzu bututu ake binnewa. Ni da hannuna na ɗauki fensir na ja wani layi mai ɗigo-ɗigo a ƙarƙashin shago na ƙarshe, na rubuta cewa a nan za a sa bututun ruwa. Abokin aikina ya buga hatimi ba tare da ya ɗaga kai ba, tunda ni na kawo.

Ana gobe za a fara rushe gidan, masinja ya leƙo ya ce wata tsohuwa tana nemana. Mama ce. Ta tsufa, ta ranƙwafa, ta hau benen ofishin nan namu mai tsawo da sanda, tana haki. Na tashi da sauri na ba ta kujera, na aika a kawo lemo, na yi ta gaisuwa ina maimaitawa don kada a zo kan maganar. Ta bar ni na gama.

"'Yata, na ji za ku yi gini. Allah ya sa albarka. Ruwan nan fa, ina zai bi?"

Na warware zanen a gabanta, na ɗora yatsa a kan layin nan mai ɗigo-ɗigo. "Mama, kada ki damu. Ga shi nan an sa bututu a takarda."

Ta sunkuya ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗago tana murmushi. "A takarda. To, Allah ya sa ruwan ya iya karatu."

Muka yi dariya tare, har na raka ta bakin titi na tare mata adaidaita. Lemon ma ba ta sha ba, ta sa a jaka ta ce za ta kai wa jikanta.

Ginin ya ɗauki rani guda. Hanyata ta zuwa aiki ta nan take bi, kullum ina ganin bango yana tashi ta tagar mota. Sau nawa na ce wa direba ya rage gudu, sau nawa kuma na ce ya wuce. Ba sai an gaya mini halin 'yan kwangila ba, aikina ne, na san abin da ba a tsaya a kansa ba ba a yin sa. Na san in na sauka zan gani, in na gani dole in yi magana, in na yi magana za a fasa kankare, dangi su ce ni na hana gwaggo shagonta. Sai na zaɓi kada in sani. Daga baya na ji cewa ranar da aka zuba harsashi, kankare aka malala tun daga titi har jikin katangar Mama, rariyar ta toshe ruf.

Ruwan ya zo ran wata Juma'a a tsakiyar damina, bayan an sauko daga masallaci. Ina gida ina jin daɗin sanyin, yarana suna tsalle a baranda. Sai ran Lahadi matar yayana ta faɗa mini a waya, a tsakiyar wata hirar daban, kamar labarin wasu can. Ruwa ya taru a tsakar gidan Mama har ƙugu, ya rasa inda zai bi, ya jiƙa gindin ɗakinta na ƙasa har ya zauna. Keken ɗinkin yana ciki. Ita kuma masu shagunan layin ne suka goyo ta suka fito da ita. Ba ta ji rauni ba, in ji matar yayana, an gode Allah, sannan ta ci gaba da maganar ankon biki.

Makonni ta yi a wani ɗaki a harabar cocinsu. Sau uku ina shirin zuwa. Na sayi turmin atamfa mai tsada, na sa a mota, na je har bakin layin, na hango ƙofar, na ce wa direba mu juya. Ba tsoron faɗa nake ba, da za ta zage ni da na ji sauƙi. Tsoron nake ta ba ni kujera ta ce 'yata. Atamfar tana nan a ƙasan akwatina har yau, ko ɗinka ta na kasa yi.

'Ya'yanta suka zo suka ce ba za ta sake damina a wurin ba. Aka sayar da gidan, kuma ba sai na gaya maka wanda ya saya ba, tunda filazarsa tana buƙatar sito a baya. Aka shirya mayar da ita garinsu, garin da ta bari tun tana amarya, inda duk waɗanda ta sani sun mutu. Mijinta kuwa a Kano yake kwance.

Ranar da za su tafi, 'yar autarta ta zo ofis. Rabona da ita tun bikina. Ta zama babbar mace, da tabarau, amma idanun nan da na saba gani ta rariya suna nan. Ba ta zauna ba. Ta ajiye wani buhu a kan teburina, a kan fayilolin mutane, na ji ƙarar ƙarfe.

"Mama ta ce in kawo miki. A cikin taɓo aka tono ta."

Na buɗe. Fartanyar ce, ƙotar ta ƙara santsi, bakin ya cinye ya zama siriri.

"Tun da kuka tashi ita ke yi," in ji ta. "'Yan haya ba su san zancen ba. Takan yashe namu, ta zagaya ta roƙe su su bar ta ta shiga, ta yashe naku har lungu. Mun hana ta, ta ƙi. Ta ce ita da Malam ne."

Na mayar da fartanyar cikin buhu. Na ce ko akwai wani saƙo.

"Ta ce in gaishe ki. Ta ce in gaya miki ku ne da yasa."

Ta juya ta fita, ni kuma na zauna da buhu a gaba har aka tashi daga aiki.

Bara aka aiko cewa Mama ta rasu a can. Ban nemi gafararta ba, kuma yanzu babu inda zan same ta. Haƙƙin maƙwabtaka na ci, na ci amanar kakana, kuma da ilimina na yi, ba da jahilci ba. Gwaggona tana samun hayar shagonta, tana sa mini albarka duk inda muka haɗu, ni kuma ina amsawa da amin ina kallon ƙasa.

Yanzu in ka bi ta layin ba za ka gane komai ba. Babu darbejiya, babu lalle, babu ƙasar da za ta sha ko kofi ɗaya na ruwa, siminti ne daga bango zuwa bango. In an yi ruwan awa guda sai ka ga 'yan kasuwa suna ɗaga diloli a ka suna zagin gwamnati, kowa yana tsaye a kan taku ukun da wani kakan ya bari. A ofis kuwa na zama abin tsokana. Duk fayil ɗin da ya zo hannuna sai na sa takalmin roba na je wurin da ƙafata, na zagaya bayan katanga, na ƙwanƙwasa gidan baya na tambayi tsofaffi ta ina ruwansu yake fita. Masu gini suna cewa Hajiyar nan ta cika ɓata lokaci, yaran ofis kuma in sun ga na ɗauko takalmin sai su ce yau ma za a je gaida kwata. Ina barin su su yi dariyarsu. Na san gidaje nawa ne hakan ya tsare, na kuma san bai mayar da ko ɗaya ba.

Fartanyar tana jingine bayan kabad ɗin ofishina. Mai shara ya tambaye ni sau biyu ko ya fitar da ita, na ce ya bar ta. Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, zafi ya kai inda ba a iya barcin rana. Bana ma mu ne da yasa, kuma babu rariyar da zan tura ta.